Tsohuwar Ƙwaƙwalwa da Sabuwa: Wace Na'ura Ta Dace da Ofis Irin na Zermu?

A watan Nuwamba na shekarar 2000 kamfanin Intel na ƙasar Amurka ya fito da wata ƙwaƙwalwar kwamfuta mai suna Pentium 4. Shekara 22 bayan haka, a Nuwamban 2022, abokin gasarsa AMD ya fito da tasa, EPYC 9654. Ta farko an yi ta ne don kwamfutar da ake azawa bisa tebur, wadda a Nijar aka fi sani da ordinatar. Ta biyu kuwa an yi ta don manyan na'urorin da ake kira sabar, wasu su ce uwar garke, waɗanda ke kulle cikin ɗaki mai sanyi suna yi wa dubban mutane aiki ba tare da mutanen sun taɓa ganinsu ba. Abin mamaki, in aka duba lambar gudu da ke rubuce a takardar kowace, mafi ƙarfin Pentium 4 ta kai gigahaz 3.8, ita kuwa EPYC iyakarta 3.7. Wanda ya tsaya ga wannan lamba kaɗai sai ya ce tsohuwar ta fi, alhali kuwa tsakaninsu akwai abin da ke tsakanin ayarin raƙuma da jirgin sama.

Wannan magana ba ta masana kaɗai ba ce. Zermu ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Mirya, cikin jihar Damagaram. Tun 2004 da aka girka ƙananan hukumomi a faɗin ƙasa, ofishin magajin gari, wanda kowa ke ce wa meri, ya zama wurin da talaka ke zuwa neman takardar haihuwa, ta aure da ta rasuwa, can ne kuma ake lissafin harajin kasuwa da kasafin shekara. Dokar 2019 kan rajistar jama'a ta buɗe hanyar shigar da waɗannan bayanai cikin na'ura. To, ma'aikacin da ke riƙe da alƙalamin sa hannu a irin wannan ofis yakan sami kansa tsakanin tayi biyu. Ga mai kyauta da ya kawo tsofaffin kwamfutoci daga Turai, ga kuma ɗan kasuwa da ke yi masa romon baka a kan sabar ta zamani. Kowanne daga cikinsu yana iya zama asarar dukiyar jama'a, in ba a san abin da ke cikin akwatin ba.

Abin da ke cikin akwatin

Ƙwaƙwalwar kwamfuta wani ɗan falle ne na silikon, ma'adinin da ake tacewa daga dangin rairayi. A kansa ake shimfiɗa taransisto, wato ƴan ƙofofin lantarki da ke buɗewa su rufe. Dattawa sun san sunan tun zamanin rediyon taransisto da ya shiga ƙauyuka, amma rediyon nan ƴan ƙalilan ke cikinsa, ana iya ƙirga su da yatsu. Intel 4004 ta 1971, wadda ake ɗauka ita ce ƙwaƙwalwa ta farko da aka sayar a kasuwa bisa falle guda, tana da 2,300. Shekara biyu bayan haka, a 1973, wani ƙaramin kamfani na Faransa mai suna R2E ya ƙera Micral da ƙanwarta 8008, kuma Micral na cikin kwamfutocin tebur na farko a duniya. Pentium 4 ta fara da miliyan 42, ƙirar 2004 da ake kira Prescott ta kai miliyan 125. EPYC 9654 tana ɗauke da sama da miliyar 80, wato ta ninka Prescott fiye da sau 600. Duk da haka ba ta wuce tafin hannu ba.

Ita kuwa gigahaz, ƙidayar bugun agogo ce. Cikin kowace kwamfuta akwai agogon da ke bugawa, kamar yadda makaɗi ke ba manoma kiɗa, kowane bugu ƙwaƙwalwa ta yi taku ɗaya. Gigahaz ɗaya na nufin bugu miliyar ɗaya cikin daƙiƙa guda. Shekara talatin ana ƙara wa wannan kiɗa sauri, kuma kamfanoni da shi suke talla. Kwamfutar IBM ta 1981 tana buga miliyan 4.77 ne kawai. Kafin ƙarshen 2004 an kai miliyan 3,800.

Nan ne aka yi karo da bango. Duk ƙarin sauri yana cin ƙarin wuta, wutar kuma tana komawa zafi. Pentium 4 mai gigahaz 3.8 an ƙiyasta mata wat 115, duk a kan fallen da bai fi farcen babban yatsa ba da yawa. Wanda ya taɓa zama kusa da irin wannan kwamfuta a watan Afrilu ya san kukan fankarta. A 2004 Intel ta soke ƙirar da ta yi niyyar ta gaji Prescott, ta kuma janye alkawarin fitar da mai gigahaz 4. Daga nan masu ƙira suka sake dabara: tun da ba a iya sa manomi guda ya ƙara sauri ba tare da ya faɗi ba, sai a kira gayya.

Gayya cikin falle

Kowane manomi a wannan gayya shi ake kira zuciya, kamar yadda Faransawa ke faɗi. Pentium 4 zuciya ɗaya gare ta, ko da yake wasu ƙirarta na iya riƙe aiki biyu a hannu lokaci guda. Core 2 Duo da Intel ta fitar a Yulin 2006 tana da biyu, bugunta bai kai na Pentium 4 ba, wutarta wat 65 ce, amma ta fi ta aiki nesa ba kusa ba, domin a kowane bugu tana kammala abin da ya fi yawa. EPYC 9654 tana da zuciya 96, kowace tana riƙe aiki biyu, ya zama 192. Ba ma falle ɗaya ba ce. Falle 12 ne masu zuciya takwas-takwas, an jera su kewaye da na 13 wanda ke kula da shige da fice, kuma kamfanin TSMC na Taiwan ke ƙera su. A Oktoban 2024 AMD ta ƙara fito da wata, EPYC 9965, mai zuciya 192.

Sai a dubi wuta. EPYC 9654 an ƙiyasta mata wat 360, wato ta ninka tsohuwar sau uku da ɗoriya. Amma in aka raba 360 gida 96, kowace zuciya ba ta kai wat 4 ba, kuma kowace ɗaya ta fi Pentium 4 aiki sau da yawa. Tsohuwar tana shan wat 115 don ta ba da ƙasa da abin da sabuwar ke bayarwa da wat 4. Wannan shi ne ainihin ci gaban da aka samu cikin shekarun nan, kuma babu inda ya bayyana a lambar gigahaz.

Sai dai gayya tana da iyaka, kuma duk manomin Damagaram ya san ta. Gonar gero ana raba ta kunya-kunya, mutum ɗari su gama ta kafin azahar. Haƙar rijiya fa? Ko mutum ɗari suka taru a bakinta, ɗaya ko biyu ne ke ƙasa suna sara, sauran sai jan guga da jira. Wani masani na Amurka, Gene Amdahl, ya bayyana wannan da lissafi a 1967: in kashi ɗaya cikin goma na aiki ba ya rabuwa, to ko an kawo zuciya dubu, saurin ba zai wuce ninki goma ba. Buga wasiƙa, cika takardar haihuwa, lissafin kuɗin rumfunan kasuwa, duk aikin rijiya ne, kuma ƙaramar rijiya. Sakataren da aka ba EPYC don ya buga wasiƙa, zuciya ɗaya ce za ta motsa, 95 suna zaune. Yatsunsa ne ma'aunin saurin, ba na'urar ba.

Aikin gona na sabar shi ne amsa wa jama'a masu yawa a lokaci guda. Ƙananan hukumomin Nijar sun haura 260. In dukansu suka aiko da tambaya cikin sa'a ɗaya, wannan na neman sunan yaro, wancan na shigar da aure, sai a raba wa zukata, kowace ta ɗauki nata. Haka sabar bankuna da na kamfanonin wayar salula ke yi. Ana kuma iya yanka sabar guda ta zama kamar kwamfutoci hamsin masu zaman kansu, kowace ma'aikata a ba ta rabonta ba tare da ta leƙa na wata ba.

Akwai wani bambanci da ya fi yawan zukata muhimmanci ga mai riƙe da rajista, ko da yake ba a cika tallarsa ba. Kwamfuta tana da wuraren ajiya iri uku. Akwai rumbu, inda bayanai ke kwana ko an kashe wuta. Akwai tabarma, inda ake baza abin da ake aiki a kansa yanzu, wadda ke sharewa da zarar wuta ta ɗauke. Akwai kuma aljihu, ƴar ma'ajiya cikin ƙwaƙwalwar kanta. Aljihun Pentium 4 mafi girma na kwamfutar ofis megabait 2 ne, na EPYC 9654 kuwa 384. Tabarmar yawancin kwamfutocin zamanin Pentium 4 ba ta wuce gigabait 4. EPYC tana iya ɗaukar har 6,000, ta hanyoyi 12 maimakon ɗaya ko biyu. Ban da faɗi, tabarmar sabar tana duba kanta. Yakan faru, saboda zafi ko tsufa, ƙwayar bayani guda ta juye da kanta, sifiri ya koma ɗaya. A kwamfutar tebur babu mai lura. A sabar akwai ƙarin ƙwayoyi da ke gano kuskuren su gyara nan take. Ga mai kallon fim wannan ba kome ba ne. Ga rajistar da za a nemi shekarar haihuwar yaro cikinta ran da zai zauna jarrabawa, ko ran rabon gado, lamba guda da ta juye tana iya jawo shari'a. Saboda irin wannan ne akan yi wa sabar mashigar wuta biyu da rumbuna masu kwafin juna, don in ɗaya ya mutu aiki kada ya tsaya.

Kuɗinta ma na gayya ne. Farashin da AMD ta sanar a 2022 dalar Amurka 11,805 ne, sama da sefa miliyan shida, kuma ƙwaƙwalwar ce tsurarta, ba akwati, ba tabarma, ba rumbu.

Wuta, zafi da ƙura

A ce ma an samu kuɗin. Sabar ba ta barci, dare da rana take aiki, sa'a 8,760 a shekara. In ƙwaƙwalwar tana aiki da dukan ƙarfinta, wat 360 sau 24 ya ba da kusan kilowat-awa 9 a yini. Faifan hasken rana mai wat 300 yana ba da wajen ɗaya da rabi a yini mai kyau. Ke nan faifai shida don ƙwaƙwalwa kaɗai, kafin a zo ga sauran kayan akwatin, kafin batiran da za su riƙe ta har asuba, kafin na'urar sanyaya ɗaki. Sanyin kuwa ba ado ba ne. Ƙa'idar da ake bi a duniya ita ce ɗakin sabar ya zauna tsakanin digiri 18 da 27. A ƙasar Damagaram, Afrilu da Mayu, zafin inuwa yakan haura 40. Da hunturu ya kama kuma ƙura ta shiga ko'ina, ta toshe fanka, ta kwanta bisa kayan ciki kamar bargo.

Wutar layi ma ba abin jingina ba ce ɗari bisa ɗari. Shekaru da yawa mafi yawan lantarkin da NIGELEC ke rabawa daga Nijeriya yake zuwa, na Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa. A Agustan 2023 aka yanke wannan wuta, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Birane ma sun ji a jika, balle karkara.

Tarihin Damagaram kansa yana da abin da zai ce a nan. Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya kewaye birni da ganuwa, ya kuma sa aka riƙa zuba igwa a cikin gari. Igwa tana son maƙera, tana son albarushi, tana son masu gadinta, don haka a birni ta zauna, ba a rarraba ta ga kowane ƙauye ba. Ƙauyukan kuwa sun amfana da ita daga inda take. Sabar ma haka ne. Mazauninta inda akwai wuta biyu, da janareta, da sanyi, da gwanayen da ke kwana kusa da ita.

To ashe sai a karɓi kyautar tsohuwa? Nan ma da sauran magana. Pentium 4 da tsohon allonta mai ƙeya suna iya shan wat 200 ko fiye. Sa'a takwas na aiki ya cinye abin da faifan rana guda ke bayarwa a yini, har da bashi. Ofishin da ya karɓi biyar kyauta ya ɗauko wa kansa kuɗin wuta ko na man janareta da zai biya kowane wata. Na biyu, manhajar da take ɗauka ta mutu. Kamfanin Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows XP a Afrilun 2014, ta Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinta na kowa da kowa ya cika a Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ta yarda da ƙwaƙwalwa mai shekarun Pentium 4. Kwamfutar da ba a toshe ɓarakarta gida ce marar ƙyaure. A Mayun 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle bayanai a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida, kuma na'urorin da ba a sabunta ba ta kama. Na uku, ran da ta mutu gawarta tana nan, da darma a allon, da sauran guba a ciki. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta hana shigo da shara mai guba Afirka, amma sharar da ta shigo da sunan kyauta wuyar ganewa gare ta.

Wannan ba ya nufin a zubar da duk tsohuwar da ke numfashi. In tana nan, kuma akwai wuta, ana iya sa mata Linux mai sauƙin nauyi, a raba ta da intanet, ɗaliban yaƙi da jahilci su koyi buga rubutu a kanta. Wanda ya iya alƙalami jiya, yau allon bugu yake bukata, kuma don koyon haruffa ba a bukatar zuciya 96. Abin da bai dace ba shi ne a ɗora mata amanar rajista.

Hanya ta uku

Ci gaban da ya haifi EPYC shi ne kuma ya haifi wasu ƴan ƙananan ƙwaƙwalwa da ba a cika jin labarinsu ba. Intel N100 ta 2023 tana da zuciya 4, an ƙiyasta mata wat 6 kacal, kuma ta fi Pentium 4 aiki ninki-ba-ninki. Ana sa ta cikin akwatin da bai kai girman littafin rajista ba, wasu ma babu fanka a jikinsu, ke nan babu ƙofar da ƙura za ta bi. Ita da allo na zamani, ko kwamfutar cinya mai batirinta a jiki, faifan rana guda da batir ɗaya sun ishe su yini. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru a ONERSOL yana nuna cewa rana dukiya ce ga Nijar. A zamaninsa na'urorin lissafi sun fi ƙarfin faifan rana. Yanzu sun sauko sun same shi.

Saura igiyar da za ta haɗa ƙaramar na'ura ta karkara da babbar ta birni. A 2016 Bankin Raya Afirka ya amince da kuɗin shimfiɗa igiyar intanet mai ratsa Sahara. A ɓangaren Nijar shirin ya ƙunshi reshen da ke tashi daga Damagaram ya bi ta Magarya zuwa iyakar Nijeriya, da kuma cibiyar ajiyar bayanai ta ƙasa a Yamai. Irin wannan cibiya ce gidan ƙwaƙwalwa irin EPYC. Ofis irin na Zermu ya shigar da suna a ƙaramar na'urarsa, bayanin ya bi ta hanyar salula ya iske igiya, ya isa sabar, yaron da aka haifa a Zermu ya nemi kwafin takardarsa a Agadas ko Dosso ya samu ba tare da ya biya kuɗin mota ba. Matasan da ke fitowa daga jami'ar Damagaram kuwa ga aikin yi nan, domin kowace na'ura tana son mai duba ta.

Amma tara ƙwai cikin kwando ɗaya yana da nasa haɗari, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. A Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen sabar na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa; waɗanda ba su ajiye kwafi a wani wuri ba, bayanansu sun tafi har abada. A Maris na 2024 kuma igiyoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka kwana da intanet mai rarrafe. Saboda haka manhajar da za a ba ofishin karkara dole ta iya aiki ko hanya ta yanke, ta riƙe abin da aka shigar, ta aika in hanya ta dawo. Jami'in da ake yi wa tallar na'ura, gara ya tambayi wannan, ya tambayi wat nawa take sha da shekarar da za a daina sabunta manhajarta, kafin ya tambayi gigahaz.

Kwafin gida kuwa ba shi da tsada. Takardar haihuwa guda, in rubutu ne zalla, ba ta wuce harafi 2,000. Takarda 100,000 sun zama megabait 200, abin da bai cika ko kusurwa ɗaya ta ɗan makullin ajiya da ake sayarwa a kasuwar Dole ba. Ana iya yin biyu kowace Juma'a, ɗaya ya kwana a akwatin ƙarfe na meri tare da littattafan rajista na takarda, ɗaya a aika Mirya.